Malama Juya, Wadda Ta Ɗora Mana Lissafi a Tafin Hannu

Kafin a buga ƙararrawar safe a makarantar makafi, akwai wata ƙara da kowane ɗalibi ya sani. Ƙarar jakar Malama Juya ce. Cike take da marafan kwalba da maɓallai da ƙananan ƙusoshi, tana tafe suna kacau-kacau, tun daga bakin ƙofa har ajinta da ke ƙarshen baranda. Takan tsaya ta gaisa da maigadi, ta tambaye shi ciwon gwiwarsa, sannan ta wuce. In ta shiga aji, tagogi take fara buɗewa. Akwai wata mai taurin kai da sai ta mare ta da tafin hannu take buɗuwa. Daga nan sai ta bi tsakanin tebura tana duba ko masu shara sun gusar da wata kujera daga wurinta, domin kujerar da ta gusa taku ɗaya a ajin makafi, ƙwaurin wani yaro ne zai biya. Sai ta ajiye faranti a kan kowane tebur, ta zuba abin da za a taɓa a ranar, ta koma bakin ƙofa ta tsaya tana jiran yara.

Haka take yi shekara talatin da ɗoriya. A ƙarshen wannan zangon za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗa wa mutane ko wace ce ita, tun tana iya jin abin da na faɗa ta ƙaryata ni in na yi ƙari.

Ni ɗaya ce daga cikin ɗalibanta na farko. Tun da aka haife ni ban taɓa gani ba. Mahaifina tela ne, shi ya sa a makaranta ake kirana 'Yar Tela. Yau lissafi nake koyarwa a sakandaren yara masu gani, kuma duk wanda ya yi mamakin hakan, wannan labarin ne amsarsa.

Ta zo mana tana budurwa, sabuwar gama karatu, an turo ta ta riƙe aji kafin a samu wanda ya dace. Shugaban makaranta na lokacin, mutumin kirki ne mai son zaman lafiya, ya gaya mata iyakar aikinta: tarawa, ɗebewa, haddar sau-sau. Abin da ya wuce nan, in ji shi, wahalar da yara ne, tunda ba sa rubuta lissafi a jarrabawar ƙarshe. In sun girma akwai ajin saƙar kujeru yana jiransu.

Ranar farko ta shigo da alli. Muka ji ta juya mana baya tana ta rubutu a allo, ƙyas-ƙyas-ƙyas, tana bayani da zumuɗi. Muka yi shiru muna sauraro. Akwai wani yaro a ajinmu da bakinsa ba ya hutawa, muna ce masa Rediyo. Da ta tsagaita sai ya ɗaga hannu.

"Malama," ya ce, "rubutunki yana da daɗin ji. Amma me aka rubuta?"

Aji ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Muka ji allin ya faɗi ƙasa, ta fita. Sai bayan shekaru ta gaya mini ɗakin malamai ta tafi ta sha kukanta don kunya. Mun ɗauka shi ke nan, ta bi sahun waɗanda suka gabace ta.

Washegari ta dawo. Ta jawo kujerar ɗalibi ta zauna a tsakiyarmu, ta ce, "Jiya na yi wauta. Yau ku ne malamai. Ku koya mini rubutunku." Muka ba ta allon rubutun makafi da tsinken huda takarda. Ta soke yatsa ba sau ɗaya ba. Da ta fara iya karantawa, da ido take kallon ɗigon, Rediyo ya ce wannan satar amsa ce. Sai ta riƙa ɗaure idonta da ɗankwali in tana karatu a gabanmu, mu kuwa muna miƙa hannu mu shafa mu tabbatar ba ta leƙe.

Sunan Juya ya samo asali ne daga wani katako. Ta sa kafintan makaranta ya yanka wa kowannenmu falle mai kusurwa huɗu daidai wa daida, da gurbin da yake shiga ya zauna ɗas. Kowace kusurwa da alamarta: ɗaya ƙusa, ɗaya maɓalli, ɗaya roba, ɗaya takarda mai kaushi. Ta ce mu ciro shi mu mayar, mu gano hanya nawa zai koma gurbinsa.

"Juya mu ji," take cewa. Ba ta taɓa ce mana "mu gani" ba. Ka kawo mata amsa, sai ta ce juya mu ji. Ka kawo mata ƙorafi, juya mu ji. Kafin zango ya ƙare sunanta na yanka ya ɓace.

Mun fara samun uku: juyi ɗaya, juyi biyu, juyi uku. Ta ce saura. Muka yi ta lalube. Sai ta ce ai ɗaga shi ka mayar yadda yake, ba tare da ka juya ba, shi ma hanya ce, kuma masana suna ƙirga shi.

"Ashe rashin yin komai ma aiki ne," in ji Rediyo. "To ni na daɗe da zama gwani."

Huɗu ke nan. Sannan wata yarinya mai shiru-shiru, ƙarama a cikinmu, da muke kira Auta, ta kife nata ya koma ciki ta bayansa. Kifewar ta ba mu wasu huɗu, suka zama takwas, kuma duk ƙoƙarinmu ba mu samu ta tara ba. Malama ta ce babu ita. Ta nuna mana in ka yi ɗaya daga cikin takwas ɗin ka bi shi da wani, abin da za ka samu yana cikin takwas ɗin nan dai, kamar 'yan gida ɗaya da ba sa aure a waje. Ta ce irin wannan dangi shi masana lissafi ke kira rukuni. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, in ka juya sannan ka kife, ƙusar ba ta sauka inda take sauka in ka kife sannan ka juya. Na yi ta maimaitawa ina zaton hannuna ne ke kuskure.

"Ba kuskure ba ne, 'Yar Tela," ta ce. "Gobe ki sa takalmi sannan ki sa safa, ki zo ki ba ni labari."

A darasin nan ne ta ambaci madubi, ta ce kifewa kamar abin da madubi ke yi ne. Na ce mata ni abin da na sani game da madubi shi ne sanyi gare shi, kuma in ya faɗi ana duka. Sai ta zo ta kama hannuwana biyu ta haɗa tafi da tafi, babban yatsa kan babban yatsa, ƙarami kan ƙarami. Ta ce, "Komai nasu ɗaya ne, ko? To juya na dama yadda kika ga dama, ki mai da shi na hagu." Na juya, na murɗa, ya ƙi. Ta ce, "Abin da madubi ke yi ke nan. Ki ba shi dama ya ba ki hagu." Daga nan ta ɗora yatsana a tsakiyar goshina ta gangaro da shi ta kan hanci har haɓa, ta ce in shafa abin da ke kowane gefe na layin. Ina da shekara goma sha uku, a ranar na san yadda fuskata take.

Mutane na cewa gani ya kori ji. A ajin Malama Juya shafa ce ta kori ji.

Ba zan manta ranar kiɗa ba. Ta ce a ture farantai gefe. Bugu iri biyu ne a kan tebur: gajere mai cin gurbi ɗaya, tak, da dogo mai cin gurbi biyu, taam. Kiɗa iri nawa za a iya yi a gurbi ɗaya? Ɗaya. A gurbi biyu? Tak-tak, ko taam, biyu. A gurbi uku muka samu uku. A huɗu muka samu biyar. A biyar, bayan gardama da zargin wani ya maimaita na wani, takwas. Aji ya kaure da duka kamar ana rushe gini. Shugaba ya taho da sauri, sandarsa na buga ƙasa, ya tsaya a ƙofa yana tambaya ko yara sun yi bore ne.

"Lissafi muke yi, ranka ya daɗe," in ji Malama.

"Wannan ne lissafin?"

Kafin ta amsa sai muka ji muryar Auta can ƙasa-ƙasa: "Na gaba sha uku ne." Ba ta buga komai ba. Malama ta ce ta yaya ta sani. Auta ta ce kowane kiɗa ko dai ya ƙare da gajere ko da dogo. In da gajere ne, abin da ya rage kiɗan gurbi biyar ne, su takwas. In da dogo ne, na gurbi huɗu ne, su biyar. Takwas da biyar, sha uku. Shugaba ya shigo ya jawo kujera ya zauna, ya ce shi sai an buga masa ya ji da kunnensa. Aka buga, sha uku cif. Ba mu je cin abincin rana kan lokaci ba, domin Malama Juya ba ta taɓa jin ƙararrawar tashi ba a rayuwarta, wannan kam laifinta ne da har yau ba ta tuba ba. A ranar ta gaya mana jerin nan, ɗaya, biyu, uku, biyar, takwas, sha uku, kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta, sananne ne a duniya, ana kiransa jerin Fibonacci, kuma masu auna dogo da gajeren gaɓa a waƙa sun riga mai sunan gano shi. Daga baya ta kawo mana kan furen rana da ya bushe, muka bi layukan 'ya'yansa da farce muna neman lambobin nan a ciki.

Malama, ke ce kika fara gaya mana cewa abin da ke cikin kanmu irin wanda ke cikin kan kowa ne. Ba da baki kika faɗa ba. Tambaya mai wuya kika ba mu, kika tsaya kina jiran amsa, kuma kika ƙi karɓar "ba zan iya ba". Mai haƙuri da wanda bai gane ba, marar haƙuri da wanda bai gwada ba.

Shekarar da za mu shiga ajin ƙarshe, mahaifina ya ce karatun ya isa haka. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Yana so in iya saƙa in riƙe kaina kafin ƙasa ta rufe masa ido. Da hutu ya ƙare bai mayar da ni ba. Ina zaune a bayan shagonsa ina ware maɓallai sai na ji sallamar da na sani.

Ya ba Malama benci, suka gaisa. Ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya bar taka keken ɗinki ya ce, "Malama, ki yi mini adalci. Yarinyar nan ba za a bar ta ta rubuta jarrabawar lissafi ba. Kina ɗora mata buri, ranar da ya fashe ni zan share hawayen, ke kina gidanki."

"Gaskiya ka faɗa, Baba," ta ce. "Ba ni da alkawarin da zan yi maka. Abin da masu shirya jarrabawa suke cewa shi ne takardar tana da zane-zane, makaho ba ya ganin zane. Ni kuma na gwada zare da gam, na gwada waya, duk suna ɓallewa."

Sai mahaifina ya ce ta zana masa irin zanen. Ta zana alwatika a bayan wani kwali. Muka ji ya zare zaren keken, na sama da na ƙasa, ya sa kwalin ƙarƙashin allura ya taka. Da ya gama ya kife kwalin ya kamo hannuna ya ɗora. Layi uku na ƙananan ƙuraje, a tsaye, a miƙe, ba mai gogewa.

"Mene ne wannan?" ya tambaye ni.

Na ce, "Alwatika ce, Baba. Gefe biyu tsawonsu ɗaya, na ƙasan ya fi gajarta."

Sai ya juya ga Malama ya ce: "Gobe zan kawo ta. In kina da wasu zanen ki aiko."

Daga nan shagonmu ya zama rabin makaranta. Da'ira, kusurwoyi, layuka masu giciye, duk mahaifina ya taka su tsakanin rigar wannan da wandon wancan, yana mita wai allurarsa na dakushewa, amma bai taɓa mayar da kwali ko ɗaya ba.

Sauran yaƙin na ofishin jarrabawa ne. Shugaba, wanda tun ranar kiɗa ya koma ɓangarenta, shi ya raka ta, kuma daga bakinsa muka ji yadda aka yi. Sun yi ta zarya ana ce musu su dawo. Da suka samu ganin babban jami'in, ya saurare su da kyau, ya shafa kwalayen, ya ce ya gamsu yara za su iya karanta su. Amma ya ce takardar jarrabawa sirri ce, ba za a kai ta shagon tela ba.

"To a kawo telan wurin takardar," in ji Malama Juya.

Haka kuwa aka yi. Mu uku aka amince wa: ni da Auta da Rediyo. Safiyar jarrabawa aka ɗauko keken mahaifina a amalanke aka shigar da shi ɗakin da ke jikin zauren. Aka buɗe ambulan a gaban mai sa ido, aka kwafi zanen a kwali, mahaifina ya zauna zai taka, ɗan sanda na tsaye a kansa. Malama ba a bar ta ta shigo ko harabar ba, a bakin titi ta tsaya. Ina zaune a zaure cike da fargaba, sai na ji ƙarar keken ta bango. Na san takun nan tun ina goye. Yakan yi sauri a miƙaƙƙen layi, ya sassauta in ya zo kwana. Kafin a kawo mini kwalin farko hankalina ya kwanta.

Da sakamako ya fito, Auta ta ci da daraja mafi girma, ni na ci, Rediyo ya faɗi. Malama ta kira shi gefe tana neman kalmar da za ta lallashe shi. Shi ya katse ta.

"Malama, kada ki damu. Da ƙafata na shiga na faɗi. Yayyenmu ko ƙofar ba a buɗe musu ba."

Yau Rediyo na da shagon saƙar kujeru da yara a ƙarƙashinsa, don ra'ayin kansa, kuma ya ce duk sabon zanen saƙa da ya ƙirƙiro daga katakon nan mai ƙusa da maɓalli ya samo shi. Auta tana horar da malamai a kwaleji. Mahaifina ya ci gaba da taka zanen jarrabawa kowace shekara har aka sayo injin da ke yi, ya rasu yana alfahari da cewa allurarsa ta fi injin fitar da kwana. Allah ya jiƙansa. Bayanmu ɗalibai da yawa sun bi ta ƙofar nan, har ya zama yaran yanzu ba su san an taɓa rufe ta ba.

Sau biyu ana ba ta ƙarin girma zuwa ofis mai fanka da kujera mai juyawa, tana cewa a ba wani. Maigidanta kan zolaye ta wai gidansu ne kaɗai ake shan lemo don murfin ba don lemon ba. 'Ya'yanta sun tashi sun san ba a jefar da kwali. Ba a taɓa kiran sunanta a wani taro an ba ta lambar yabo ba, ban kuma taɓa jin ta yi zancen ba.

Makon jiya na je gaishe ta. Gwiwoyi sun fara ba ta wahala, sai da ta dafa ni ta tashi daga kujera. Na gaya mata zan yi rubutu a kanta. Ta ce in bari. Da ta ga na nace sai ta ce, "To sharaɗi ɗaya. Kada ki rubuta wai na sadaukar da rayuwata. Mutane su ji tausayina su ce baiwar Allah ta sha wahala, sai matasa su gudu. Ki gaya musu gaskiya. Ni daɗi na ji. Babu malamin da ya kai ni more aji."

Na tambaye ta wa zai karɓi ajin. Ta ce har yanzu ba wanda ya nema.

Don haka ga saƙona ga matasan da suka karanta lissafi suke neman inda za su zuba shi: akwai aji a ƙarshen wata baranda da zai zama babu malami in zangon nan ya ƙare, kuma akwai irinsa a wurare da dama. Ba sai kun iya komai kafin ku je ba. Ga iyaye kuma masu ɗa ko 'ya da ba ta gani, kada ku yanke wa yaro iyakar abin da kansa zai ɗauka tun bai gwada ba. Masu sana'a, tela ne kai ko kafinta ko maƙeri, ku leƙa makarantar da ke kusa da ku ku tambaya ko akwai abin da hannunku zai iya.

Malama, na cika sharaɗinki, na gaya musu daɗi kika ji. Amma ki bar ni in ƙara nawa: mu ma mun ji, kuma har yau muna ji. Mun gode, uwar ɗakinmu. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa da tsawon rai, ya sa ki ji da kunnenki ranar da wani zai yi sallama a ƙofar ajin nan ya ce shi ne sabon malamin lissafi.